Suna a Jikin Itace: Tarihin Sassaƙa Mai Sa Hannu da Hanyarta ta Fagge da Sabon Gari

Gabatarwa

A gidaje da ofisoshi da kantuna da dama na Fagge da Sabon Garin Kano akan tarar da wani abin itace da aka sassaƙa, an jingine shi a lungu ko an ɗora shi bisa kabad. Wani ƙyauren ƙofa ne mai zane, wani kujera ce 'yar tsugunno, wani akwati, wani kuwa siffar mahayin doki. Idan aka juya gindinsa, wani lokaci sai a ga an karta suna da bakin wuƙa, har ma da shekara. Mai abin yakan ce gadonsa ya yi, ko kuwa kyauta ce aka yi wa mahaifinsa ranar da ya bar aikin gwamnati. Daga nan sai tambayoyi uku su taso: wa ya sassaƙa shi, mece ce darajarsa, kuma ta yaya za a kiyaye shi?

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin yadda suna ya hau jikin itace a Nijeriya, da irin rawar da waɗannan unguwanni biyu suka taka. Abin da tarihin yake nunawa shi ne, sunan da ke jikin sassaƙa da'awa ce kawai. Kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci da da'awa sai an kawo shaidu, haka nan suna ba ya tabbata sai da shaidu biyu: salon hannun gwanin da ake danganta aikin gare shi, da kuma salsalar mutanen da abin ya bi ta hannunsu. Shaida ta biyun ita ce ta fi saurin salwanta, ita ce kuma kowane mai ilmi yake da ikon cetowa.

Zamanin da ba a sa suna

Sassaƙa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kano. Da gatari da gizago masassaƙi yake fitar da turmi da taɓarya, da akushi da koshiya, da ƙotar fartanya, da sirdi, da gangar makaɗi, da allon almajiri. Ya san itacen da ya dace da kowane aiki: ƙirya don turmi saboda taurinta, aduwa don allo, maɗaci da kanya don aikin da ake so ya daɗe. Tun da Musulunci ya kafu, masassaƙin Kano bai karkata ga yin siffar mai rai ba, sai ya zuba gwanintarsa a kan kyan ƙira da zane. Kayansa sukan isa kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499).

Masassaƙin wancan zamani ba ya rubuta sunansa a jikin aikinsa, domin ba ya bukata. Mai sayen ya san shi, ya san ubansa, ya san unguwarsu. Sunan gwani a bakin jama'a yake zaune. Alal misali, ba a karta sunan magini a bangon tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ba, amma har yau an san aikin Babban Gwani ne, na zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Sana'a guda ce ta saba wa wannan al'ada, watau rubutun littattafai, inda marubuci yakan rufe aikinsa da ambaton sunansa da neman addu'a. Don haka ne aka san hannun marubuta irin su Sharu Bala na unguwar Gabari.

Haka abin yake a ƙasar Yarabawa, inda sassaƙar siffofi ta bunƙasa. Olowe na garin Ise, wanda ya rasu wajen 1938, ya yi wa sarakunan Ekiti ƙyamare da ginshiƙai, bai kuwa sa suna a jikinsu ba. A 1924 aka kai wani ƙyaure da ya yi wa fadar Ikere zuwa bajekolin Wembley a Landan, daga baya ya zauna a babban gidan kayan tarihi na Ingila. Turawa suka yi ta yaba aikin ba tare da sanin mai shi ba, alhali a Ekiti sunansa sananne ne, kirarinsa kuma yana bakin iyalinsa. Sai bayan shekaru masu yawa masana irin su William Fagg suka haɗa sunan da aikin. A 1998 aka yi nunin ayyukansa a Washington, inda aka danganta masa ayyuka kusan 50 ta hanyar nazarin salonsa. Darasin a nan shi ne, aiki ba ya rasa suna sai ya bar garinsu ya faɗa hannun baƙi.

Mahaɗar hanyoyi

A Kano, wurin da kaya da baƙi suke haɗuwa shi ne bayan ganuwa. Fagge tsohon zango ne tun kafin zuwan Turawa, inda Azbinawa suke sauke raƙumansu da gishiri. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai mutanen Kudu suka fara kwararowa: akawuna, da ma'aikatan reluwe, da kafintoci, da 'yan kasuwa. A 1913 aka yanka musu Sabon Gari. Fagge ta zama mazaunin baƙi Musulmi na Arewa da na ƙasashen maƙwabta, Kwarori kuma suka kafa kantunansu a gefenta, inda ake kira Kantin Kwari.

Ta wannan hanya kayan sassaƙa na Kudu suka samu shiga Kano. Mutanen Awka sun shahara da ƙyamare da kujeru na itacen loko, mutanen Binin da kawuna na baƙin itace, Yarabawa da siffofi da faifan ado. Wasu kayan masu su ne suka zo da su don amfanin gida ko majami'a, wasu kuwa don sayarwa aka kawo su. Masu saye su ne Turawan mulki da na kamfanoni, sa'an nan matafiya. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, aka fara jigilar fasinja a 1936, filin jirgin kuma, wanda ke daf da Sabon Gari, ya daɗe yana zaman zangon jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka. Fasinjan da ya sauka na sa'a ɗaya ko biyu yana son tsaraba marar nauyi. Daga irin wannan ciniki ne aka samu abin da Turawa suka laƙaba wa suna sassaƙar filin jirgi.

Tsakanin masassaƙi da mai saye akwai mutum na uku, watau ɗan kasuwa Bahaushe, wanda ke shimfiɗa kayansa a ƙofar otal ko a barandar Bature: jakunkunan fata, da tasoshin tagulla na Bida, da kayan itace. Shi a wurinsa haja ce kamar kowace haja. Irin wannan fatauci ya bi tsofaffin hanyoyin goro har ya kai bakin teku. Wani masani Ba'amurke, Christopher Steiner, ya zauna da dillalan kayan sassaƙa a Abidjan, waɗanda da yawansu Hausawa ne, ya wallafa littafi a kansu a 1994. Ya nuna cewa dillali shi ne gada tsakanin mai yi da mai saye, kuma sau da yawa ba ya son su san juna, domin ribarsa a nan take. To, a kan wannan gada ce sunan gwani yakan faɗi.

Yadda suna ya hau itace

Sa hannu a jikin sassaƙa ya zo ne tare da makarantar boko da mai saye na nesa. Kenneth Murray, wanda ya zo Nijeriya a 1927 don koyar da zane, ya horar da ɗalibai a kan su ɗauki kansu masu fasaha da ke da suna. Fitacce a cikinsu shi ne Ben Enwonwu (1917 zuwa 1994), ɗan Onitsha, wanda mahaifinsa ma masassaƙi ne.

Hanya ta biyu ta fito daga Oye-Ekiti, inda limaman Katolika suka buɗe wurin koyon sana'a a 1947 a ƙarƙashin kulawar Fada Kevin Carroll. A can Bamidele, ɗan shahararren masassaƙi Areogun, ya koyar da wani saurayi Musulmi ɗan Ila Orangun, Lamidi Olonade Fakeye, wanda gidansu suka gaji sassaƙa kaka da kakanni. Fakeye ya yi ƙyamare da ginshiƙai don majami'u da jami'o'i da gine-ginen gwamnati, ya koyar a Jami'ar Ife tun daga 1978, ya rasu a 2009. Yakan karta sunansa a jikin aikinsa. Da shi da irinsa masassaƙin gargajiya ya fita daga duhun rashin suna a idon duniya.

Sai dai labarin Fakeye yana ɗauke da gargaɗi. Ya yaye almajirai da yawa, a cikinsu har da 'yan'uwansa da 'ya'yan 'yan'uwansa, waɗanda suke da haƙƙin amsa sunan gidan. A al'adar sana'a kuma, maigida yakan fitar da ƙirar aiki da gizago, yara su yi gyara da shafe. Saboda haka ganin sunan gida a gindin sassaƙa bai isa a ce aikin hannun maigidan ne shi kaɗai ba.

Kasuwa biyu, daraja biyu

Wanda yake son ya san kuɗin sassaƙa, wajibi ne ya fara sanin cewa kasuwanninta biyu ne, kuma suna tafiya a saɓanin juna. Ta farko kasuwar tsofaffin kaya ce, inda mai saye yake neman abin da aka yi don fada ko don bukin gargajiya kafin zuwan Turawa. A wannan kasuwa suna da haruffan boko aibi ne, domin yana tona cewa abin na zamani ne. Steiner ya bayyana dabarun da ake yi don tsofar da sabon aiki: a turara shi da hayaƙi, a shafa masa goro da toka, a binne shi gara ta ɗan taɓa shi. Ta biyu kasuwar fasahar zamani ce, inda suna shi ne kan kuɗi. Ke nan jarrabawa iri biyu ce ke gaban marar gaskiya: a kasuwa ta farko ya kankare suna, a ta biyu ya ƙara shi.

Misali guda ya isa ya nuna ƙarfin suna idan shaidunsa sun cika. Wajen 1960 jaridar Daily Mirror ta Landan ta sa Enwonwu ya sassaƙa mata siffofi 7 na itace, na mutane riƙe da jarida. Daga baya suka ɓace, aka manta da su. A 2012 aka tsince su a garejin wata makarantar sakandare a gabashin Landan, a 2013 kuma kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da su fam 361,250. Abin lura shi ne, shekaru da yawa suna ajiye kamar tarkace. Abin da ya mayar musu da darajarsu shi ne an san wanda ya yi su, da wanda ya sa aka yi su, da shekarar da aka yi su.

Wannan bai nuna cewa kowane itace mai suna dukiya ba ne. Mafi yawan abin da aka sayar a bakin otal da filin jirgi tsaraba ce da aka yi da yawa, kuɗinta kaɗan ne ko da an sa mata suna. Abubuwan da ke ɗaga daraja su ne shaharar gwanin, da kyan aikin a tsakanin ayyukansa, da lafiyar itacen, da cikar labarinsa. Bayan wannan akwai darajar da ba ta kuɗi ba. Kujerar da aka yi wa wani shugaban ƙungiyar 'yan gari a Sabon Gari, mai ɗauke da sunan kafinta da shekara, wataƙila ba za ta yi tsada a Landan ba, amma ga mai rubuta tarihin Kano takarda ce da aka rubuta da itace.

Sauraron shaidu

Shaidar farko a jikin abin take. Masana sukan duba itacen, ko irin wanda gwanin ya saba aiki da shi ne. Sukan duba sawun kayan aiki, domin gizago yana barin ƙananan sara masu tsari, injin shafe kuwa yana barin santsi marar rai. Sukan gwama yadda aka fitar da ido da kunne da yatsu da zanen gefe da ayyukan da aka tabbatar nasa ne, tun da yake kowane gwani yana da ɗabi'ar da ba ya iya ɓoyewa. Sa'an nan su duba sunan kansa. Idan cikin haruffan fari ne tas alhali jikin itacen ya yi duhu, to daga baya aka karta. Idan haruffan sun kauce wa wata tsaga, alama ce tsagar ta riga su zuwa. Tsufa na gaskiya kuma yakan bayyana a inda hannu yake taɓawa, ba ya rufe ko'ina bai ɗaya.

Shaida ta biyu ita ce salsala: wa ya saya, a ina, a wace shekara, wa ya gada. Ɗalibin da ya san yadda malaman Hadisi suke auna magana da isnadinta ba zai ga baƙon abu a nan ba. Rasit, da wasiƙa, da hoton biki da abin ya fito a ciki, da maganar dattijon da ya ga ranar da aka kawo shi, duk ƙarfi suke ƙara wa da'awa.

A nan ne tarihin Fagge da Sabon Gari ya yi nauyi, domin unguwanni ne da salsala ta sha tsinkewa a cikinsu. An yi rikicin watan Mayu na 1953 a kan iyakarsu. A 1966 dubban mazauna Sabon Gari suka bar Kano cikin tashin hankali, suka bar kayansu, wasu suka dawo bayan ƙarewar yaƙin basasa a 1970, wasu ba su dawo ba. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban rumfuna a kasuwar Sabon Gari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya raba kaya da masu su, ko ya raba kaya da takardunsu. Bugu da ƙari, yawancin mazauna wurin 'yan haya ne da ma'aikatan da ake yi wa canjin wurin aiki, ga kuma tsofaffin gidaje da ake rushewa ana gina kantuna.

Doka da giɓinta

An kafa ma'aikatar kula da kayan tarihi a 1943, Murray ne shugabanta na farko. Aka buɗe gidan kayan tarihi na Jos a 1952, na Ikko a 1957. A 1953 aka yi dokar da ta hana fitar da kayan tarihi sai da izni. A 1972 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 a kan hana fataucin kayan al'adu ta ɓarauniyar hanya. Dokar soja ta 1974 ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wakilin da hukuma ta amince da shi, sa'an nan doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda Gidan Makama na Kano yake ƙarƙashinta. Ba a banza aka tsananta ba. A gidan kayan tarihi na Oron an tara siffofin kakanni na itace fiye da 600, amma waɗanda suka tsira daga wawason lokacin yaƙin basasa ba su fi 100 da 'yan kai ba.

To amma dokar ta 1979 ta fassara kayan tarihi, a ɓangaren aikin hannu, da abin da aka yi kafin 1918, ko abin da ke da muhimmanci wanda aka taɓa amfani da shi a bukin gargajiya. Sassaƙa mai sa hannu kuwa, kamar yadda aka gani, kusan dukkanta bayan 1918 aka yi ta, kuma don ofis ko majami'a ko ɗakin baƙi aka yi ta. Watau mafi yawanta ba ta shiga inuwar wannan doka ba. An kafa hukumar tara ayyukan fasahar zamani ta ƙasa a 1993, amma hannunta ba ya kaiwa ga abin da ke cikin gidajen mutane da ɗakunan ajiyar ma'aikatu. Duk da haka, wanda zai fita da sassaƙa waje ya kamata ya kai ta gidan kayan tarihi a duba, a ba shi takarda, domin ba aikin ma'aikacin kwastan ba ne ya rarrabe tsoho da sabo da ido.

Kammalawa

Tun da yake doka ba ta rufe wannan giɓi ba, nauyin ya koma kan masu riƙe da kayan. Abokan gaban itace a Kano sanannu ne: gara, da ƙwarin da ke huda shi su bar gari a ƙasa, da laimar damina, da bushewar hunturu mai tsaga shi, da wuta. Maganinsu ba mai tsada ba ne. A ɗaga abin daga ƙasa, a nisanta shi da bango mai laima da hasken rana, a riƙa kaɗe ƙurarsa da buroshi mai taushi. Kada a wanke shi, kada a goge shi da samfefa, kada a shafa masa fenti ko baƙin mai da sunan gyara, domin mai gyaran ganganci ya fi gara ɓarna: a yini ɗaya yakan shafe sawun gizago da sunan gaba ɗaya. In ƙwari sun kama shi, a ware shi daga sauran kaya, a nemi shawarar ma'aikatan Gidan Makama.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne rubutu. Ma'aikacin gwamnati da ya tarar da sassaƙa a ofishinsa, ya tabbatar an shigar da ita rajistar kayan ma'aikata da siffarta da awonta da sunan da ke jikinta, an ɗauki hotonta gaba da baya da gindi, an kuma ambace ta a takardar miƙa aiki, don kada ta bi wani gida ranar canjin ofis. Ɗalibi kuwa, ya tambayi dattawan gidansu tun suna raye, ya rubuta abin da suka faɗa, ya ajiye kwafi a wani wuri dabam. Masu neman abin bincike su sani har yanzu akwai tsofaffin dillalai da kafintoci a Fagge da Sabon Gari da suka san wanda ya yi wane aiki da wanda ya saya, akwai kuma masassaƙan karkarar Kano da suka cancanci a rubuta sunayensu kamar yadda aka rubuta na Olowe. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da jami'o'in Kano wurare ne da za su iya karɓar irin wannan rubutu su adana. Gwani ya yi nasa da ya karta sunansa. Ko sunan zai zama hujja ko zai zama zance kawai, wannan ya rataya ga waɗanda abin yake hannunsu yau.